Lokacin da Baƙo Ke da Kuɗinsa Daban a Sin

Mu da muke zuwa Guangzhou sarin kaya yanzu, kuɗi iri ɗaya muke kashewa da 'yan gari. A da ba haka ba ne. A 1980 Bankin Sin ya fito da takardar kuɗi ta musamman don baƙi. Da ita baƙo ke biyan otal da tikitin jirgin ƙasa, kuma a ƙofar wuraren tarihi ma farashinsa ya ɗara na ɗan ƙasa. Sai dai 'yan ƙasar ne suka fi kwaɗayinta, domin ita ce ke sayen sigari da talabijin na waje a Kantunan Abota. Nan 'yan canjin bayan fage suka yi sansani a bakin otal-otal, suna tare Turawa. A farkon 1994 aka daina fitar da ita.