CEBA DA ZOBEN AMO: TARIHIN ƘARIN ƘARFE A JIKIN GARAYA DA BANJO

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai garaya a wani gari na ƙasar Zazzau, kamar Shika ko Giwa, ya san cewa ba muryar tsarkiya kaɗai ke fita daga garayar ba. Akwai wani amo na ƙarfe, siriri mai kaifi, wanda yake biye da kowane bugu kamar yadda tartsatsi ke biye da gudumar maƙeri. Wannan amo daga ceba yake fitowa, wato ɗan fallen ƙarfen nan mai zobba da ake cusawa a ƙarshen sandar garaya. A can Amurka kuwa akwai wani abin kiɗa da ake kira banjo, wanda asalinsa na bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, shi ma an yi masa ƙarin ƙarfe domin gyara muryarsa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin waɗannan ƙarafa biyu, a nuna cewa ko da yake buƙata ɗaya ce ta haife su, abin da kowane ɓangare yake nufi da daɗin murya ya sha bamban, sa'an nan a yi nuni ga halin da ceba take ciki.

2.0 Garaya da danginta

Kayan kiɗan Hausa masu tsarkiya iri biyu ne: waɗanda ake gogawa, kamar goge da kukuma, da waɗanda ake kaɗawa, kamar garaya da komo da molo da gurmi da kuntigi. Garaya tana da tsarkiya biyu, ƙoƙonta na itace ne da aka rufe da fata. Komo babbar garaya ce. Molo yana da tsarkiya uku, gurmi kuwa da ƙwarya ake yin ƙoƙonsa, kuntigi kuma tsarkiyarsa ɗaya tak. Dukansu tsarin gininsu ɗaya ne: ƙoƙo, da fata, da sanda, da tsarkiya wadda take hawa kan ɗan itacen da ake kira jaki, shi kuma jakin yana zaune a kan fata.

A asali garaya ta maharba ce, da ita ake yi musu kirari a zuga su. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan kayan kiɗan bori, inda ake haɗa ta da caki ko ƙwarya, ta kuma shiga wasannin samari. Wannan dangi na kayan kiɗa ya daɗe a ƙasashen Sudan, domin Ibn Battuta, wanda ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci masu kaɗa irinsu a fadar sarkin ƙasar.

Ƙasar Zazzau ta yi sa'a wajen rubuta wannan tarihi. A Giwa, gaba kaɗan da Shika a kan hanyar Funtuwa, Mary Smith ta rubuta labarin Baba ta Karo a 1949 da 1950, kuma a cikinsa akwai bayani mai yawa game da bori da bukukuwan da ake kiɗa a cikinsu. Mijinta M. G. Smith ya wallafa nazarinsa kan roƙo da maroƙa a 1957. Bayansu David Ames ya zauna a Zariya a 1963 da 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗe, ya kuma haɗa kai da Anthony King, wanda ya yi nasa aikin a Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

3.0 Ceba da aikinta

Ceba ba a fafe ta tare da garaya ba, ƙari ce, aikin maƙeri. Yakan buge ƙarfe ya yi fele-fele kamar ganye, ya huda gefensa, ya zura ƙananan zobba a cikin hudojin, ya bar masa wutsiya wadda za a cusa a kan sanda. Mai garaya yana iya zare ta ya ajiye, yana iya mayar da ita, kuma ba ya taɓa ta da hannu a lokacin kiɗa. Idan ya bugi tsarkiya, jijjigar takan bi sanda ta isa ga ceba, zobban su yi ta karo da fallen. Saboda haka ceba ba ta magana sai tsarkiya ta yi, kuma gwargwadon ƙarfin bugu gwargwadon amonta.

Amfaninta a fili yake ga wanda ya lura da inda ake kiɗan garaya. Tsarkiyar da ke kan fata muryarta ba ta daɗewa, da an buga sai ta mutu, ga ta kuma da kauri. A dandali ko a ƙofar gida, inda babu bango ko rufin da zai dawo da sauti, irin wannan murya takan nutse cikin hayaniyar jama'a. Kunnen ɗan Adam kuwa ya fi saurin kama sauti mai kaifi. Ceba takan ɗora wa kowane bugu kaifin da zai kai shi nesa, ta kuma cike ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu, har kiɗan mutum ɗaya ya zama kamar na mutum biyu.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga garaya ba. Ganga tana da zaga, wato igiyar da aka gitta a kan fata domin ta riƙa kaɗawa idan an buga. Wato dai kunnen Bahaushe bai ɗauki sauti tsura a matsayin cikakken sauti ba, kamar yadda harshensa bai ɗauki miya marar daddawa a matsayin miya ba. Haka abin yake a maƙwabta. Molon maharban Mali yana da irin wannan falle, kuma bayin da aka ƙetara Sahara da su sun tafi da al'adar, shi ya sa ake ganin ƙarfe mai zobba a kan gimbirin Ginawa na Maroko da gumbirin Sitambeli na Tunis.

4.0 Yadda banjo ya samu

Tsohon zane na banjo da aka fi sani yana cikin littafin Hans Sloane, likitan Ingila wanda ya sauka Jamaika a 1687 ya wallafa littafinsa a 1707. Ya bayyana cewa bayi suna yin abin kiɗan da duma da fata, suna ɗaura masa tsarkiyar izgar doki ko ta jijiyar tsiro. John Stedman ya samo wani a Surinam a shekarun 1770, yana nan a gidan tarihi na Leiden a Holan. Victor Schoelcher ya kawo wani daga Haiti wajen 1841, yana ajiye a Faris. Thomas Jefferson ma, a rubutunsa na 1781, ya ce daga Afirka bayi suka zo da shi.

Masana sun daɗe suna neman kakan banjo. Paul Oliver a 1970 ya karkata ga molon maroƙan Senegal da Mali. A shekara ta 2000 Daniel Jatta, mutumin Gambiya, ya gabatar da akontin na ƙabilar Jola, wanda ko salon bugunsa ya yi kama da na tsohon banjo. Gurmin Hausawa ma yana cikin waɗanda ake kwatantawa, saboda ƙwaryarsa. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne banjo a tsibiran Karibiyan aka haife shi a ƙarni na 17, daga haɗuwar al'adun ƙabilu da dama. Hausawa kuwa sai a farkon ƙarni na 19 aka ƙetara da su da yawa, galibi zuwa Bahiya ta Barazil, inda suka yi tawaye a 1807 da 1814. Ke nan dangantakar garaya da banjo ta 'yan'uwantaka ce, ba ta uwa da ɗa ba.

5.0 Zoben amo

A shekarun 1830 Turawan Amurka, irin su Joel Sweeney, suka fara hawa dandamali da banjo, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi cikin izgili. Wasan ya karɓu, sai abin kiɗan ya fita daga hannun mai fafe duma ya koma hannun masana'anta. A shekarun 1840 William Boucher, maƙerin ganguna a Baltimore, ya riƙa yin ƙoƙon da katako zagayayye kamar rariya, yana ɗaure fatar da ƙugiyoyin ƙarfe masu noti.

Matsalar da ta fuskanci waɗannan maƙera ita ce dai ta mai garaya: murya mai saurin mutuwa, da taro mai yawa. Amma maganinsu dabam ne. Sun sanya zoben ƙarfe tsakanin katako da fata, domin fatar ta zauna a kan abu mai tauri da nauyi wanda ba ya shanye jijjiga. Henry Dobson na New York ya yi rajistar nasa zoben a 1881. Kamfanin Fairbanks na Boston ya fito da Electric a 1890 da Whyte Laydie a 1901, Vega kuma ya biyo da Tubaphone a 1909. A shekarun 1920, da banjo ya shiga ƙungiyoyin kiɗan rawa inda yake gogayya da kakaki da ganguna, sai aka yawaita rufa masa wani akushi a baya wanda yake tura sauti gaba. Kamfanin Gibson ya fito da Mastertone a 1925, kuma zoben tagullar da ya riƙa sanyawa daga baya nauyinsa ya kai wajen laba 3. Irin wannan banjo Earl Scruggs ya yi suna da shi bayan ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a 1945. Daga ƙarshen shekarun 1950 kuma fatar roba ta fara maye gurbin fatar maraƙi, domin ita damina ba ta sassauta ta.

A nan bambancin yake. Ceba a sake take, aikinta shi ne ta yi karo ta ƙara wa murya gauraye. Zoben amo a ɗaure yake tamau, aikinsa shi ne ya tace murya ta fita garau kamar ƙararrawa. Idan wani ƙarfe ya saki a jikin banjo ya fara kaɗawa, mai shi wurin gyara zai kai shi, alhali kuwa wannan kaɗawar ita mai garaya yake biyan maƙeri ya ƙera masa. Abincin wani, in ji Hausawa, gubar wani.

6.0 Zamanin jirgin ƙasa da makirfo

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu a gefen tasha, aka buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922 da gonar dabbobi a Shika a 1928. Tare da jirgi kayan kanti suka shigo, makaɗa kuma ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen cin moriyarsu. Gwangwanin kifi ya zama ƙoƙon kuntigi, wanda Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, ya zaga duniya da shi, zaren roba kuma ya maye gurbin izga da jijiya. A wannan zamani ne banjo ya dawo Afirka cikin sabuwar kama. A Ikko, Tunde King ya yi amfani da shi a kiɗan juju na farko, aka ɗauke shi a faifan garmaho a 1936. Ya dawo da ƙugiyoyi da noti, amma babu ceba.

Waɗannan sauye-sauye ba su taɓa ceba ba, domin ba su sauya wurin kiɗa ba. Abin da ya taɓa ta shi ne makirfo da lasifika. Da zarar na'ura ta ɗauki nauyin kai murya nesa, rabin aikin ceba ya faɗi. Daɗin daɗawa, makirfo yakan kama kaifin ƙarfe fiye da kaurin tsarkiya, mai ɗaukar sauti kuma, wanda aka horar da kunnensa a kan ma'aunin Turai, yakan ji shi a matsayin ƙazanta. An ga ƙarshen wannan hanya a Gambiya da Mali, inda kora take da nata fallen a da, amma yawancin masu kaɗa ta a dandamali da situdiyo suka ajiye shi. A ƙasar Hausa kuma, tun daga shekarun 1990, fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinai da na biki, kuma muryar da yake kwaikwayo tatacciya ce.

Abin mamaki shi ne a Amurka an fara juyowa. Masu tsohon salo sukan cusa tsumma a bayan fata domin su rage ƙarar da zoben ya kawo, wasu maƙera sun koma yin banjon duma, kuma a 2005 baƙaƙen masu kaɗa banjo suka yi babban taro a garin Boone domin neman tushen abin da kakanninsu suka ƙirƙira.

7.0 Kammalawa

Tarihin waɗannan ƙarafa biyu ya nuna cewa babu wani ma'auni guda na daɗin murya wanda ya hau kan kowa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zoben amo ya tsira domin an yi masa rajista, an rubuta nauyinsa da shekararsa da sunan maƙerinsa. Ceba kuwa a ƙwaƙwalwar maƙeri da kunnen makaɗi take, kuma da yake zare ta ake yi, ita ce farkon abin da ke ɓata idan an rataye garaya a gidan tarihi.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, ta buɗe Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya a 1972, kuma garuruwan da Smith da Ames suka yi aiki a cikinsu suna kewaye da ita. Ya kamata ɗaliban Hausa da za su fita ɗaukar kiɗan garaya su roƙi makaɗi ya bar cebarsa a inda take, su auna ta, su zana ta, su tambayi wanda ya ƙera ta irin ƙarfen da yake zaɓa da yawan zobban da yake sanyawa da dalilinsa. Faifan da aka ɗauka bayan an zare ceba zai gaya wa na baya cewa haka garaya take, alhali kuwa ba haka masu ita suka ji ta ba.