Yadda Itatuwa Suka Dawo Gonakin Maraɗi da Damagaram

Wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Zinder a yau, ya ratsa ta Agiye, ko ya karkata kudu wajen Matamaye da Magariya, zai ga gonakin gero cike da gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa. Baƙo zai ɗauka an yi wani gagarumin aikin dashe ne a nan. Amma mafi yawan itatuwan nan ba wanda ya kawo su daga gidan reno, ba wanda ya haƙa musu rami ko ya ba su ruwa. Shekaru arba'in da suka wuce wurare da dama a wannan yanki fili ne fetal, iska tana kwasar rairayi tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda kafin ta kama.

Tun asali manomin ƙasar Hausa ya san darajar icce a gona, musamman gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye ya zuba 'ya'ya dabbobi su ci, su bar taki a gindinsa. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 19, da tsananin hukuncin da ya ɗora wa duk wanda ya sare gawo. Wato akwai doka tun kafin zuwan Nasara, kuma mutane sun san dalilinta.

Turawan Faransa ne suka sauya lissafin. A watan Yuli na 1935 suka fitar da dokar daji ta dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Dokar ta ware gandayen daji na gwamnati, ta kuma jera wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini, ko da a gonar mutum suke. A lokaci guda ana matsa wa talakawa su noma gyaɗa domin biyan haraji, malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta, garmar shanu ta wuce ba cikas. Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, amma dokar daji ta 1974 ta bi sawun ta Turawa. Icce ya zama na gwamnati, jami'in gandun daji ya zama mai cin tara. Manomin da ya bar tsiron gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa magana ne kawai: ba zai iya sarar reshe ba sai da takarda, idan kuma wani ya sare da dare shi za a tuhuma. Me zai sa ya bar shi? Sai kowa ya riƙa sassabe tas, ya ƙone tun tsiron bai kai gwiwa ba.

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi da itatuwa ba adadi. Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974, aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar bikin 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyin agaji suka shigo da kuɗi, aka buɗe gidajen renon itatuwa, aka ɗauko dabarar da ake kira dajin gari. A nemi fili wurin mai gari, a kewaye shi da waya, a tara samari su dasa dogon yaro ko turare a jere, a ɗauki hoto. A takarda dajin na kowa da kowa ne.

A nan gizo ya yi saƙa. Bahaushe ya san gayya, amma gayya aikin yini guda ce a gonar wanda aka sani, shi zai ciyar da mutane, shi zai girbe. Icce kuwa yana bukatar shekaru ana ba shi ruwa da rani, ana korar awaki, ana gyara shinge, kuma ba wanda aka gaya wa ranar da za a sare ko wanda zai ɗauki azara da ƙirare. Filin ma sau da yawa na wani ne aka karɓe, yana kallon dajin da baƙin ciki. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan itatuwan suka girma jami'an gandun daji ne za su zo su ce nasu ne, kuma bisa dokar lokacin ba su yi kuskure ba. Da aikin ya ƙare, ma'aikatan ƙungiyoyin agajin suka tafi, sai waya ta ɓace, gara da awaki suka ƙarasa sauran.

Ba duka aka yi asara ba. A kwarin Majiya da ke yankin Buza, jihar Tawa, ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji sun fara dasa dogon yaro a 1975, layi bibbiyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge, domin tare iska. An ɗauki masu gadi ana biyan su, gero ya ƙaru a tsakanin layukan, manoma suka ga amfanin da idonsu. Amma ko a can, da lokacin sara ya zo, sai da aka zauna aka warware tambayar da aka tsallake tun farko, ta wanda zai ci moriyar iccen.

A Maraɗi kuwa wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM, ya sha wahalar dashe a farkon shekarun 1980, abin da ya dasa kusan duk yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan ciyayin da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, tsiro ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ake bukata kaɗan ne: a zaɓi rassa masu ƙarfi biyu zuwa biyar a kowane kututture, a sare sauran, a aske na ƙasa, a bar su su miƙe. Da yake saiwar ta riga ta kai ga danshi, tsiron yana girma da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba, kuma babu kuɗin da ake kashewa sai wuƙa ko gatari. Manoma suka kira shi sassaben zamani.

Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. SIM ta raba abinci a ƙauyuka kusan 100 bisa sharaɗin a bar tsiro a gona. Da yunwa ta wuce, yawancin mutane suka sare abin da suka bari. Amma wasu sun riƙe, domin sun ga iska ba ta binne musu shuka, matansu sun sami ƙirare a kusa, har da na kai wa kasuwa. A 1984 ɗin ce kuma aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa sai an sa talakawa a cikin lamarin. Jami'an gandun daji na yankin suka sassauta, suka yarda manomi ya yi amfani da iccen da ya raina da hannunsa. A ganina wannan sassaucin ya fi dabarar askin reshen nauyi a tarihin nan, domin dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin manoma, tsoron tara ne ya sa aka bar ta.

Daga nan abin ya bazu daga baki zuwa baki, a kasuwa da wurin biki da bakin 'yan ci-rani. A shekarun 1990 gwamnati ta yi rauni, jami'ai suka rage shiga ƙauye, takin zamani ya yi tsada bayan karyewar darajar sefa a 1994, sai gawo ya sake zama takin talaka. Aikin gayya ya dawo ta wata ƙofa. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agiye, alal misali, an kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma maza, mata da makiyaya Fulani, suna sintiri, suna cin tarar mai satar icce, suna sasanta rikicin sassaƙar reshe don dabbobi. Icce na mai gona ne, tsaronsa kuwa na gari ne, kuma wannan tsari ya daɗe fiye da kowane daji mai shingen waya.

Duniya ba ta farga ba sai a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da masu bincike irin su Chris Reij, Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam. Ƙiyasinsu ya nuna hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Zinder, inda jama'a suka fi cunkoso. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Manoman da suka yi aikin ba a san sunayen mafi yawansu ba, kuma a ce mutum guda ne ya farfaɗo da ƙasar rashin adalci ne gare su.

Doka ce ta zo a baya. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun buɗe ƙofa, amma sai a watan Yuli na 2020 gwamnatin Nijar ta sa hannu kan ƙudurin da ya amince a fili cewa manomi yana da haƙƙi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa, shekaru 85 bayan dokar Turawa ta 1935.