Tukunyar Nukiliyar Zariya: Yadda Cibiyar Binciken Makamashi Ta Kafu

A watan Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin mutane ya tashi a Afirka ta Yamma, domin daga Sahara iskar hunturu ke kwaso ƙura. Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961, amma fushi ba ya auna gubar da ke cikin iska. Ƙasar na bukatar masana nata na kanta.

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa da doka mai lamba 46. Hukumar ta daɗe a takarda, ba ta kama aiki sosai ba sai 2006. Jami'o'i biyu ne suka ɗauki nauyin: ta Ile-Ife da ta Ahmadu Bello da ke Zariya, inda aka kafa Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, wadda aka fi sani da CERT. Da horar da mutane cibiyar ta fara, tun kafin ta mallaki tukunyar nukiliya.

Samun tukunyar ya ci shekaru. A 1996 Najeriya da Sin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka ƙulla yarjejeniya, sai dai ba a kunna irin wannan na'ura babu mai sa ido a gida. Sai da hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa ta fara aiki a 2001, sannan tukunyar mai suna NIRR-1 ta kama aiki a ranar 3 ga Fabrairun 2004.

Ba ta ba da wutar lantarki. Lokacin da ta fara aiki ƙarfinta kilowat 30 ne, kamar matsakaicin janareta da ke haska shagunan gida guda a Kantin Kwari. Amfaninta na cikin niyutiron, wato ƙwayar da ke zaune tare da firoton a cibiyar zarra, wadda James Chadwick ya gano a 1932. Da yake ba ta da caji, cibiyar zarra ba ta ture ta. Idan ta daki yuraniyom sai ya tsage, ya saki wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su tsaga na gaba. Masu bincike kan tura ɗan samfurin ƙasa, taki, dutse ko hatsi cikin wannan ambaliya. Zarrar samfurin ta haɗiye niyutiron, ta fitar da hasken gama, kuma kowane sinadari da irin nasa hasken. Da haka ake gane zinare ko guba ko da ɗan kaɗan ne.

Man da aka fara zuba mata yuraniyom ne da aka tace ya kai kashi 90 cikin 100, irin wanda ake fargabar ya faɗa hannun ɓata-gari. A 2018, shekara guda bayan Ghana ta sauya wa tata tukunyar mai, ma'aikatan cibiyar da takwarorinsu na Sin da Amurka suka musanya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon man ƙasar Sin a watan Disamba.

Har yau ita kaɗai ce tukunyar nukiliya a Najeriya. Duk ranar da ƙasar ta gina tashar wutar nukiliya da ake ta magana, waɗanda Zariya ta horar za a fara nema.