Yadda ake haɗa kan ayyukan tallafa wa iyali da yara a matakin mazaɓa

Haɗa kan ayyukan tallafa wa iyali da yara tsari ne da ke sa asibiti da makaranta da ofishin walwalar jama'a da kotu da masu unguwanni da cibiyoyin addini su san abin da kowannensu ke yi a kan gida guda, su kuma riƙa miƙa wa juna al'amari ba tare da ya salwanta a hanya ba.

A Najeriya kusan kowace buƙatar yaro tana da hukumar da aka ɗora wa alhakinta. Sai dai hukumomin ba a hannu ɗaya suke ba: wata ta Gwamnatin Tarayya ce, wata ta jiha, wata ta ƙaramar hukuma, wata kuma ta masarauta ko ta ƙungiyar sa-kai. Ita kuwa matsala idan ta shiga gida, ba ta zuwa ita kaɗai.

Misali, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu tana iya samun kanta da jariri mai fama da tamowa, da 'yar da ta bar makaranta ta koma talla, da ɗan da ba shi da takardar haihuwa, ga kuma taƙaddamar gado. Ƙofofi huɗu ke nan daban-daban, kowace da layinta da takardunta da kuɗin motar zuwa. Idan babu mai haɗa su, galibi ɗaya ko biyu za ta iya ƙwanƙwasawa, sauran kuma ta bar wa Allah.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta kare yara da matasa da tsofaffi daga ci-da-gumi da sakaci, ta kuma ƙarfafa zaman iyali. Jadawali na huɗu na kundin ya sanya rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da ba ta rawar takawa a ilimin firamare da kiwon lafiya.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, sannan ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Dokar ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma ce maslahar yaro ita ce kan gaba a duk shawarar da za a yanke game da shi. Ta tanadi kotun iyali a matakin babbar kotu da na majistare, da kwamitocin aiwatarwa a matakin ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma.

Kai-tsaye dokar tana aiki ne a Babban Birnin Tarayya kawai, domin sha'anin yara yana cikin hurumin jihohi. Saboda haka sai majalisar kowace jiha ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun daɗe suna muhawara a kan wasu sassanta, musamman na shekarun aure da ɗaukar ɗa, kafin su fitar da nasu tsarin da ya dace da addini da al'ada. Jihar Kano ta samu Dokar Kare Yara a watan Mayun 2023.

Akwai wasu dokokin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya. A 2023 kuma aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Masu hannu a cikin aikin

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace an raba ta zuwa mazaɓu. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Mazaɓa ce matakin da ya fi dacewa da haɗa kai, domin a nan ne ma'aikacin gwamnati da mai unguwa suke iya sanin gida da sunan mai shi.

Ƙofa ta farko ita ce asibitin matakin farko. Nan ake awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafi: allurar farko tun ranar haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata tara. Nan ma ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da ɗan tef mai launi; idan bai kai santimita 11.5 ba, yaron yana cikin matsananciyar tamowa, kuma ana ɗora shi a kan haɗin gyaɗa da madara na musamman.

Kusa da asibitin akwai kwamitin raya mazaɓa, wanda tsarin Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ya tanada. Mambobinsa mutanen gari ne, kuma aikinsu shi ne sa ido a kan asibitin da isar da koken jama'a. Makarantar firamare ita ma tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, mai ƙunshe da iyaye da malamai da wakilan masarauta da na mata, wanda ke bibiyar yaran da suka daina zuwa aji.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma rajistar jariri a cikin wa'adin da doka ta gindaya kyauta ce. Takardar ita ce hujjar shekarun yaro a makaranta da gaban kotu.

Jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da ma'aikatar mata ta jiha su ne ke kula da yaron da aka yasar, ko aka ci zarafinsa, ko ya rasa mai riƙo. Su ke binciken halin gida, su rubuta wa kotu rahoto, su kuma lura da gidajen marayu da na gyaran tarbiyya. Laifukan da suka shafi yara na 'yan sanda ne, safarar yara kuwa ta Hukumar NAPTIP ce, wadda aka kafa a 2003. Wasu jihohin suna da cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a cikin asibitoci, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato.

Sai kuma tsarin da ya riga duk waɗannan kafuwa: mai unguwa da dagaci da hakimi, da limami da fasto, da ungozoma da wanzami. A Kano, Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi, waɗanda dokokin 2003 suka kafa, suna sasanta ma'aurata da tallafa wa mabuƙata. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da zumuntar matan coci suna shiga gidajen da jami'i namiji ba ya iya shiga.

Yadda miƙa al'amari yake tafiya

Ginshiƙin tsarin shi ne a samu mutum guda da ke riƙe da al'amarin iyalin daga farko har ƙarshe. Yana iya zama jami'in walwala, ko ma'aikaciyar lafiya, ko amintaccen ɗan sa-kai da aka horar. Ba shi zai yi komai ba, amma shi ake tambaya inda aka kwana.

Matakin farko shi ne ganowa, wato wani ya lura cewa yaro yana cikin wani hali. Daga nan a duba gidan baki ɗaya, domin yaron da aka kawo da tamowa sau da yawa alama ce ta abin da ke damun uwarsa da 'yan uwansa. Sai a tsara abin da za a yi tare da iyayen, a rubuta wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kammala.

Bayan haka ne ake rubuta takardar turawa zuwa hukumar da ta dace. Takarda mai kyau tana ɗauke da buƙatar da ake nema da sunan jami'in da za a gani, kuma tana da ɓangaren da za a cike a dawo da shi. Wannan dawowar ita ce ke bambanta miƙawa da sallama. Idan ba a dawo da amsa ba, wanda ya tura yana ganin ya sauke nauyi, wanda aka tura wa kuma bai san da zancen ba.

Akwai abubuwan da ba sa jiran zaman kwamiti. Yaron da aka yi wa fyaɗe dole a kai shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Irin wannan laifi ba na sulhu ba ne a zauren mai unguwa. Hurumin 'yan sanda da kotu ne. Haka nan yaro mai tamowa da ƙafafunsa suka kumbura sosai, ko ya daina cin abinci, yana buƙatar a kwantar da shi.

Tsare sirri sharaɗi ne. Ana ba kowace hukuma abin da take buƙata don yin aikinta kawai, bayan an nemi yardar iyaye, sai dai idan neman yardar zai jefa yaron cikin haɗari. Yaɗa hoton maraya ko na yarinyar da aka ci zarafinta a WhatsApp da Facebook da sunan neman taimako yana iya bin yaron har girmansa.

Darasin yaƙi da shan-inna

Babbar shaidar amfanin haɗa kai a Arewa ita ce yaƙi da cutar shan-inna. A 2003 an dakatar da rigakafin a Kano saboda shakku a kan ingancin maganin, ba a koma ba sai a 2004, kuma cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar.

Daga baya a wasu jihohin masu unguwanni suka riƙa rubuta sunayen jariran da aka haifa a unguwanninsu, ta hanyar labarin da ungozomomi da wanzamai da limaman raɗin suna ke kawo musu. Ana gwama wannan jerin da kundin asibiti, duk yaron da ba a gani ba sai a bi shi gida. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ba.

Abin da ya yi aiki a nan shi ne jerin sunaye guda da zama a kai a kai da kuma sanin wanda zai amsa tambaya. Kundin da ya gano yaron da bai yi rigakafi ba zai iya gano wanda ba shi da takardar haihuwa ko wanda bai shiga makaranta ba.

Inda ake samun tangarɗa

Ofishin walwalar jama'a shi ne ya kamata ya zama cibiyar haɗa kai, amma a wurare da yawa shi ne mafi ƙarancin ma'aikata da kuɗin zirga-zirga. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, ya ƙara jawo hankali a kan ko irin waɗannan ofisoshi za su samu kulawa a kasafin kuɗi.

Sauran matsalolin sanannu ne. Kowace hukuma da ƙungiya tana da nata jerin mabuƙata, sai gida ɗaya ya samu tallafi sau uku, maƙwabcinsa bai samu ko sau ɗaya ba. Kwamitin da aka kafa da kuɗin masu ba da tallafi na waje yakan daina zama da zarar shirin ya ƙare. Jami'i kan tafi da duk abin da ya sani idan aka sauya masa wurin aiki, saboda ba a rubuta ba. Siyasa kuma takan shiga zaɓen waɗanda za su amfana.

Rawar 'yan kasuwa da ma'aikata

Zakkar dukiyar ciniki kashi ɗaya ce cikin arba'in, kuma a manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Singa da Dawanau ba ƙaramar dukiya ba ce. Tana fin amfani idan mai fitarwa ya tuntuɓi mai unguwa ko limami ko kwamitin zakka, ya san gidan da jari zai tsayar da shi da ƙafafunsa. Ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya ɗaukar nauyin abin da gwamnati ke yawan gazawa a kai, kamar kuɗin motar kai mara lafiya babban asibiti, ko karɓar matashi maraya koyon sana'a.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, ko malamin makaranta ne ko na asibiti, abin da ake nema gare shi shi ne ya san suna da lambar takwaransa a ɗaya ofishin, ya tura mutum da takarda, ya kuma tambayi yadda aka ƙare.

Ga iyalin da ke neman taimako, mafi kusancin ƙofa ita ce mai unguwa ko asibitin mazaɓa ko shugaban makaranta, daga nan sai jami'in walwala a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yana da kyau a tafi da katin rigakafi da takardar haihuwa idan akwai, a kuma nemi a rubuta sunan jami'in da aka tura su wurinsa. Idan rai na cikin haɗari, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.