Daga Murgu zuwa Masaƙa: Nazari kan Tarihin Birnin Ibanobo na Rasha

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun yadda wani ƙauyen bayin gandu a bakin kogin Ubod ya zama cibiyar yadin auduga ta Rasha, alhali ko ƙwaya ɗaya ta auduga ba ta tsira a ƙasarsa. Hujjar da ake kafawa ita ce dogaro da kayan nesa shi ya ɗaga birnin, shi kuma ya durƙusar da shi.

Asalin sana'ar

Ibanobo na arewa maso gabashin Mosko. Ƙasar wurin ba ta da albarkar noma, hunturu kuma dogo ne, don haka tun da wuri mutane suka kama saƙar lilin a cikin ɗaka. A shekarar 1742 wani bawa mai suna Girigori Butirimob ya kafa masaƙar farko, jim kaɗan kafin ƙauyen ya koma hannun gidan sarautar Sheremeteb.

Nan ne abin lura yake. Iyayengijin ba su tilasta wa bayinsu noma ba, sai suka ɗora musu kuɗin shekara da Rashawa ke kira obrok. Mai karatu Bahaushe ya san irinsa da sunan murgu: bawa ya nemi na kansa, ya riƙa kai wa ubangijinsa rabo. A ƙarƙashin wannan tsari aka sami bayi masu ɗaruruwan ma'aikata, amma doka ba ta yarda su mallaki komai da sunansu ba. Yefim Girachob ya fanshi kansa a 1795 da rubul 135,000, ya kuma bar wa ubangijinsa masaƙar da ya gina, sannan ya dawo yana hayarta. A ganina, wannan ciniki ya fi kowace ƙididdiga nuna irin jarin da aka kafa garin a kai.

Aikin da ya fi kawo kuɗi shi ne bugun zane. Mai bugu kan shimfiɗa farin yadi a dogon teburi, ya dangwala katakon da aka sassaƙa wa fure a cikin rini, ya ɗora, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya matsa gaba. Idan hannu ya goce da faɗin tsinke, turmin ya ɓaci. Gobarar Mosko ta 1812, lokacin mamayar Napoliyon, ta cinye masaƙun birnin, kasuwa ta faɗo hannun masu bugun Ibanobo. Jirgin ƙasa ya iso a 1868, kuma a 1871 aka haɗa ƙauyen da unguwar Boznesenski, ya zama birni.

Ma'aikata da mulki

Dukiyar ba ta sauko kan masu tsayuwa gaban inji ba. A watan Mayun 1905 suka shiga yajin aiki na kwana 72, suna neman a rage aiki zuwa awa takwas. Suna taruwa a bakin rafin Talka, suka zaɓi wakilai 151 ƙarƙashin Abenir Nozdirin, mai sassaƙa zanen yadi. Wannan majalisa na cikin na farko da aka kira sobiyet. Bayan juyin juya halin 1917 siyasa ta hau kan yadin kansa: a ƙarshen shekarun 1920 aka riƙa buga tarakta da lauje da jirgin sama inda a da ake buga furanni. Yawan matan da suka cika masaƙu ya sa aka yi wa garin laƙabin birnin amare.

Bayan 1991

Audugar zamanin Tarayyar Sobiyet daga Asiya ta Tsakiya take zuwa, musamman Uzbekistan, a farashin da gwamnati ta yanka. Da tarayyar ta wargaje, gonakin suka zama na wata ƙasa, sai an biya kuɗin kasuwar duniya, ga yadi mai araha na kwararowa daga Sin da Turkiyya. Manyan masaƙu suka rufe, wasu gine-ginensu na jan bulo suka koma rumfunan sayar da zanen gado da tawul. Yankin bai daina saƙa ba, har yau shi ke fitar da kaso mafi tsoka na yadin audugar Rasha, amma da hannaye kaɗan. Ƙidayar 1989 ta sami mutum kusan 481,000 a birnin. Ta 2021 ta sami kimanin 362,000.