Daren Châtelet na 1909

Ranar 19 ga watan Mayu na 1909 ne ayarin ƴan rawar Rasha, ƙarƙashin jagorancin Diaghilev, ya buɗe kakar wasanninsa ta farko a gidan wasan Châtelet na birnin Paris. A wancan zamani rawar bale ta yi sanyi a Faransa, har ta kai ga mata ne ke sa tufafin maza suna taka rawar da ta kamaci namiji.

Diaghilev ya iso cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ubangidansa, Yarima Vladimir, ya rasu a watan Fabrairu, fadar Sarkin Rasha kuma ta janye tallafinta. Dole ya rage wasannin opera masu cin kuɗi, ya jingina da rawa. Maimakon dogon labari guda, sai aka jera gajerun wasanni uku a dare ɗaya: Le Pavillon d'Armide, raye-rayen mayaƙa na cikin Prince Igor, da Le Festin. Fokine ne ya tsara biyun farko. Tsallen matashi Nijinsky da zafin Adolph Bolm, riƙe da bakansa, suka tuna wa Faransawa cewa namiji ma gwanin fage ne.

Kakar ta ƙare da bashi mai nauyi, amma tsarin da talauci ya taimaka wajen haifarwa ya zauna daram. Balanchine, wanda ya shiga ayarin a 1924, da wasanni uku nasa ya buɗe kakar farko ta New York City Ballet ranar 11 ga Oktoba 1948.