Hukumar tace finafinai ta Kano: daga kaset zuwa intanet

Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ita ce doka ta ɗora wa alhakin duba finafinai da waƙoƙi da littattafai kafin a kai su kasuwa a jihar, wadda ta kasance cibiyar masana'antar finafinan Hausa da ake yi wa laƙabi da Kannywood.

Tun daga lokacin da aka kafa ta a shekarar 2001, hukumar ta sha samun kanta a tsakiyar taƙaddama tsakanin malaman addini da 'yan siyasa da kuma 'yan fim.

Asalin hukumar

Akasarin masu bin tarihin masana'antar na ɗaukar fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo.

Kafin ƙarshen shekarun 1990, rawa da waƙa tsakanin maza da mata, irin na finafinan Indiya, sun zama ruwan dare, lamarin da ya janyo suka daga malamai.

Bayan da jihar ta rungumi shari'ar Musulunci a shekarar 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim baki ɗaya. Kafa hukumar a shekarar da ta biyo baya shi ne ya ba da damar ci gaba da sana'ar, amma bisa sharaɗin sai an tace.

A wancan lokaci sa ido bai yi wuya ba, domin kusan kowane kaset sai ya bi ta hannun dillalai a Ƙofar Wambai da kuma Bata kafin ya isa ga masu kallo.

Rikicin 2007

A shekarar 2007 wani hoton bidiyo na batsa da ya shafi wata 'yar fim ya bazu ta wayoyin salula. Ko da yake ba fim ba ne, fushin jama'a ya faɗa kan masana'antar gaba ɗaya.

Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga hukumar Hisbah, ya shugabanci hukumar, aka kuma dakatar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni.

Wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam A. Zango a wannan shekara saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A watan Disambar 2008 kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗin Tsintsiya. 'Yan fim da dama sun koma aiki a Kaduna da Jos.

Hannun siyasa

Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar, shi ya sa salon aikinta kan sauya da sauyin gwamnati.

A zamanin Abdullahi Umar Ganduje, Isma'ila Na'abba Afakallahu ne ya ja ragamarta. A 2019 an kama darakta Sunusi Oscar 442 da mawaƙi Naziru M. Ahmad bisa zargin sakin waƙoƙi ba tare da izini ba. Magoya bayansu sun ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne saboda ana danganta su da ɓangaren Kwankwasiyya, yayin da hukumar ta ce doka kawai take bi.

A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya miƙa shugabancin ga Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan fim ne.

Zamanin intanet

Satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan CD, abin da ya sa masu shirya fim suka karkata ga finafinai masu dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta yi fice da Daɗin Kowa, sannan daga 2020 Izzar So ya nuna cewa ana iya samun ɗimbin masu kallo ta YouTube.

Wannan sauyi ya rage ƙarfin hukumar, domin ikonta bai wuce iyakar jihar Kano ba, alhali fim ɗin da aka ɗora daga Kaduna ko Abuja na isa Fagge da Damagaram da Kumasi a lokaci guda.

Duk da haka mahukunta ba su janye ba. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 kowannensu saboda wani bidiyon barkwanci da suka sa a TikTok kan Gwamna Ganduje.

A watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, tana mai cewa ba a kai su an tace ba kafin a nuna.

Masu goyon bayan tacewa na cewa ita ce kariyar tarbiyya da al'ada. Su kuwa masu suka na ganin tana korar jari da ayyukan yi daga Kano, ba tare da ta hana jama'a kallon abin da suke so a wayoyinsu ba.